Motar kwana ko karaban: wanne ya dace da iyali mai mutum biyar?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bradford da maiɗakina da yara uku: babbar shekararta 11, na tsakiya namiji ne mai shekara 8, auta kuma 4. Kuɗin tikitin Kano mu biyar ya fi ƙarfin a yi kowace shekara, ga hutun bazara mako shida yara na kulle a gida. Na tara wajen fam 18,000, ina so mu riƙa zagaya ƙasar nan, musamman arewacin Sukotland, wata rana har Faransa. Ni raina ya fi kwanta wa ƙaramar motar kwana irin ta Volkswagen, ita kuma Hajiya ta ce karaban. Motata Kia Sportage ce mai dizal ta 2017, gidanmu na haya ne, a bakin titi nake ajiye mota. Wanne za ka ba ni shawara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Abin da kake tambaya shi ne ko ka zuba kuɗinka a motar da ita ce ɗakin kwanan, ko ka sayi ɗakin da motarka ta yanzu za ta riƙa ja. Sana'ata gyaran irin waɗannan ce a nan yammacin Yorkshire, kuma na riƙe kowanne a cikinsu na yi tafiya da iyalina. Ba zan ja maka rai ba: a halin da ka bayyana, Hajiya ta fi ka gaskiya. Sai dai akwai abubuwa biyu da za su iya rushe wannan hukunci, wato nauyin da motarka ke iya ja da wurin da za ka ajiye karaban ɗin, kuma sai ka tabbatar da su kafin ka fitar da ko sisi.

Mutane kan fara gardamar nan daga farashi, ko daga wanne ya fi kyan gani. Ni abin da nake fara tambayar duk wanda ya zo mini shi ne: idan ka isa wuri, kwana nawa kake yi kafin ka tashi? Motar kwana kunkuru ce, inda ta je da ɗakinta take zuwa. Wannan daɗi ne ga mai kwana ɗaya nan, kwana ɗaya can. Ya ga bakin teku ya yi masa, ya tsaya ya ɗora shayi. Amma ranar da kuka sauka a sansani na kwana biyar, aka ce madara ta ƙare ko yara suna son zuwa wani gari mai nisan mil goma, sai an naɗe gado, an sauke rufin sama, an cire wayar lantarki, an kulle tukunyar gas, an tattara duk wani kofi da cokali an rufe a kabad, sannan a motsa. A dawo da yamma a sake shimfiɗawa. Mutum biyu manya kan saba da haka har su daina lura. Da yaro ɗan shekara huɗu kuwa, a kwana na uku za ka fara jin "mu dai mu zauna", alhali don yawo aka fito.

Karaban wahalarsa a farko da ƙarshe take. Ka ja shi zuwa sansani, ka daidaita shi, ka sauke ƙafafunsa huɗu, ka jona wuta, ka ɗebo ruwa, ka kafa rumfa. Daga nan motarka ta zama 'yantacciya, ku fita da safe ku dawo ku tarar da gado a shimfiɗe, tukunya a inda aka bar ta.

Kujeru da gadaje

A nan ne ƙaramar motar kwana ke faɗuwa jarrabawarku. Mafi yawansu, har da Volkswagen California samfurin Ocean da kowa ke sha'awa, kujeru huɗu gare su masu bel, wurin kwanan mutum huɗu: biyu a ƙasa kan kujerar baya da ake miƙewa ta zama gado, biyu a rufin da ake ɗagawa. Ku kuwa biyar ne. Akwai masu kujera biyar, kamar California Beach da wasu da kamfanonin gyara ke sa wa benci mai cin mutum uku, to amma ƙarin kujera ba ya kawo ƙarin gado. Faɗin gadon sama bai wuce mita 1.2 ba, na ƙasa ma a Ocean bai kai haka ba. Ka kuma tuna doka ta wajabta kujerar yara har sai yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, don haka autanku tabbas, na tsakiya ma wataƙila, sai da ita. Kujerun yara biyu da babbar yarinya a benci ɗaya, tafiyar awa bakwai, ka san abin da za a yi ta ji a baya.

Sai batun da 'yan kasuwa ba za su tayar maka ba, amma ni da kai mun san da shi. 'Yarka ta kai 11, ta wuce shekarun da aka umarce mu mu raba wa yara makwanci. A motar kwana mafita ɗaya ce: a haɗa mata tanti a gefe, irin wanda ake iya zare motar a bar shi a tsaye, kai da ɗanka ku kwana a ciki. Yana yiwuwa, na ga masu yi. Sai dai ka auna kwanan tanti a yammacin Sukotland, inda ruwa kan yini yana zuba a tsakiyar watan Yuli, ga ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke fitowa gari guda da yamma daga Yuni zuwa Agusta. Karaban mai cin mutum biyar ko shida yana zuwa da gadaje masu hawa biyu a baya, kowane yaro da nasa da labulensa, ku iyaye kuna gaba, da ƙofa ko labule a tsakani.

Ka ƙara da banɗaki. Yawancin ƙananan motocin kwana ba su da shi, sai ɗan masai na roba da ake turawa ƙarƙashin kujera, wanda babu mai son amfani da shi mutane huɗu na kwance kusa. A arewacin Sukotland a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, asuba kuma na shigowa tun mutum bai gama juyi biyu ba. A mota, tashi sallar asuba na nufin ka tsallake wanda ke kwance, ka ja ƙofar nan mai ƙara, ka taka ciyawa mai raɓa zuwa banɗakin sansani da butarka. A karaban akwai banɗaki da wurin wanke hannu da ruwan zafi, ka yi alwala a ciki, ka shimfiɗa darduma a tsakar ɗakin ko a rumfa, babu wanda ka tasa. Ga Hajiya da 'yarka wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina zaton shi ta hango tun kafin ka rubuto mini.

Kicin ma haka. Firjin California lita 42 ne, na karaban yakan ninka haka har da ɗan wurin daskarewa. Da zarar kun wuce Inverness, inda akwai masallaci da inda za a nemi nama, samun naman halal sai an sha wuya, don haka abin da kuka ɗauko daga Bradford shi za ku ci. Karaban na da murhu mai kai uku ko huɗu da tanda; mota kai biyu, wani lokaci ɗaya.

Abin da fam 18,000 zai saya

Sabuwar California ta haura fam 60,000, kuma motocin nan ba sa faɗuwa a kasuwa yadda sauran motoci ke yi, musamman tun bayan annobar korona da kowa ya koma hutu a cikin gida. Da kuɗinka abin da za ka samu tsohuwar Transporter ce, T5, wadda ta yi shekaru tana dakon kayan magina ko masu aikin famfo kafin wani ya saya ya sa mata kabad da gado. Wasu an yi musu aiki mai kyau. Wasu kuwa na buɗe na ga abin da ya sa na riƙe baki: bencin baya an ɗaure shi da ƙusoshi huɗu a jikin farantin ƙasa babu wani ƙarfe da ya tallafe shi, rufin an yanke an ɗora na ɗagawa ba a ƙarfafa gefuna ba, bututun gas na goga da ƙarfe. Kujerar da yaranka za su zauna a kai a kan babbar hanya ke nan. Duk wanda zai sayi irin wannan ya nemi takardar da ta nuna an gwada kujerar da yadda aka kafa ta, da takardar binciken gas. In mai motar ya fara kame-kame, a bar masa kayansa.

Ga kuma haraji. Tsohuwar dizal da ba ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta shiga Landan tun da aka faɗaɗa yankin ULEZ, inda ake cajin motoci masu hayaƙi, a watan Agustan 2023. A garinku ma akwai yankin tsaftar iska tun Satumban 2022, wanda ba ya cajin motocin gida amma yana cajin tsofaffin motocin kaya, kuma yawancin motocin kwana daga jikin motar kaya aka sassaƙo su. Akwai rangwame ga wasu mazauna gari, amma sai ka sa lambar motar a shafin gwamnati ka gani da idonka. Sportage ɗinka ta 2017 ba ta da wannan matsala. Akwai masu araha da ake shigowa da su daga Japan, irin su Mazda Bongo da Toyota Alphard; suna da daɗin tuƙi, amma Bongo ta tsufa, tsatsa na cin ƙasanta, kuma dukansu sun fi Transporter matsi.

Idan kuma ka riƙe Sportage ka ƙara motar kwana, ka zama mai mota biyu: inshora biyu, harajin hanya biyu, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara (MOT) biyu, inji biyu masu neman mai da gyara, da wurin ajiya biyu a titin da ko ɗaya da ƙyar kake samu. In ka sayar da Sportage ka haɗa kuɗin, za ka samu mota mafi kyau, kuma wannan ita ce hanya ɗaya tilo da nake ganin motar kwana ta yi ma'ana a gidanku: ta zama ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta zuwa aiki. Amma matsalar gado na biyar tana nan ba ta gusa ba.

Karaban ba shi da inji. A Birtaniya ba a biya masa harajin hanya, ba a kai shi MOT, doka ba ta tilasta yi masa inshora ta daban ba, ko da yake wauta ce a bar shi babu ita domin ana sace su sosai. Yana faɗuwa a farashi fiye da mota, abin da ke cutar wanda ya saya sabo, ya amfani irinka. Da kashi biyu cikin uku na kuɗinka za ka samu mai kyau ɗan shekara takwas zuwa goma daga Swift ko Bailey ko Elddis, ragowar ka sa ƙugiyar ja a mota, ka sayi rumfa, madubin ja, makullai, ka biya wurin ajiya na shekara, har wani abu ya saura na tafiyar farko. Dillalai za su yi ta nuna maka sabo suna cewa ka biya kaɗan-kaɗan duk wata; akwai ruwa a ciki, kuma kai da Allah ya hore maka kuɗi a hannu ba ka da buƙatar shiga wannan.

Sharaɗi na farko: me motarka ke iya ja?

Ta fuskar lasisi ba ka da damuwa muddin na Birtaniya ne. Tun 16 ga Disamban 2021 mai lasisin ƙaramar mota a Ingila da Sukotland da Wales na iya jan tirela har mai nauyin kilo 3,500 ba tare da wata jarrabawa ba. In Hajiya za ta taya ka tuƙi kuma lasisin Najeriya ne a hannunta, wata 12 kawai yake aiki daga ranar da ta zama mazauniya, ba a kuma musanya shi, sai ta yi jarrabawar nan.

Izinin lasisi daban, ƙarfin mota daban. Sportage iri-iri ce. Mai ƙaramin injin dizal da mai babba ba nauyi ɗaya suke ja ba, haka mai giyar hannu da mai canza kanta. Ban ga taka ba, saboda haka ga yadda za ka duba. A jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet akwai ɗan faranti mai lambobi huɗu. Na farko shi ne iyakar nauyin motar da duk lodinta, na biyu iyakar nauyin mota da abin da take ja a haɗe. Ka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne kusan iyakar abin da za ka ja, sai ka gwada da abin da littafin motar ya ce. Wannan iyaka ce ta doka, wuce ta laifi ne, kuma inshora na iya zame maka idan wani abu ya faru.

Bayan doka akwai shawarar da manyan ƙungiyoyin masu karaban biyu na ƙasar nan suka daɗe suna bayarwa: sabon shiga kada ya ja abin da ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motarsa ba lodi. Misali, in motar kilo 1,600 ce, karaban da duk kayansa kada ya haura 1,360. Lambar da za ka duba a jikin karaban ita ce MTPLM, wato iyakar nauyinsa da duk lodinsa, tana kan faranti kusa da ƙofa. Masu cin mutum biyar ko shida a kan taya biyu galibi suna tsakanin kilo 1,350 da 1,550, ka ga ke nan kana bakin iyaka, kuma zaɓinka zai taƙaita ga marasa nauyi. Idan lissafi ya nuna motarka ba ta kai ba, kada ka ce a lallaɓa. Ko ka canza mota zuwa mai nauyi, ko a sake zama a kan maganar gaba ɗaya.

Dalilin wannan tsauri shi ne lilo. Idan babbar mota ta wuce ka a guje, ko iska ta bugi gefen karaban a gangara, yakan fara kaɗa wutsiya hagu da dama, kuma in ya kusa nauyin motar sai ya zama shi ke juya ta. Abin da ke hana shi shi ne yadda aka yi lodi: kaya masu nauyi a ƙasa, daidai kan tayoyi, ba a can baya ba, sannan nauyin da ke danna ƙugiya ya kasance kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin karaban, ba tare da ya wuce abin da ƙugiyar motarka ke ɗauka ba. In ya fara, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari daram, kada a taka birki da ƙarfi. Yawancin na zamani suna da kan ƙugiya na AL-KO mai rage wannan kaɗawa, wasu har da na'urar da ke taka wa karaban birki da kanta.

Kuma kada girman ɗakin ya ruɗe ku. Kayan da aka yarda a zuba a karaban sau da yawa ba su wuce kilo 150 zuwa 180 ba. Batir ya ci wajen 25, injin da ke motsa shi da rimot wajen 30, rumfa kusan haka. Mu kuwa ba ma tafiya da hannu biyu: buhun shinkafa, galan ɗin mai, tukwane, garin tuwo, kayan sawa na mutum biyar. Ka kai shi sikelin manyan motoci sau ɗaya bayan kun yi lodi, ka san gaskiyar inda kake.

Hanya, da burinka na Sukotland

Da karaban a baya gudunka mil 60 ne a babbar hanya, 50 a hanya mai layi ɗaya kowane ɓangare, kuma an hana ka layin dama na ƙarshe a babbar hanya mai layi uku. Dole ka ɗaura ƙarin madubi, dole ka haɗa wayar da ke ja wa karaban birki in ya tsinke, kuma haramun ne a doka wani ya zauna a cikinsa ana tafiya, komai roƙon da yara za su yi. Mai zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga Bradford zuwa Inverness ya haura mil 350, ga kyamarorin auna gudu a hanyar A9, don haka ka raba tafiyar kwana biyu. Ja da baya shi ne abin da ke ba kowa kunya a farko, ga mutanen sansani zaune da kofin shayi suna kallo. Ƙungiyoyin nan biyu, Caravan and Motorhome Club da Camping and Caravanning Club, suna koyar da shi a kwas na yini ɗaya ko biyu, kuma kuɗin da za ka biya bai kai na gyaran kusurwa ɗaya da ka goga a bango ba.

Akwai hanyoyin da karaban ba ya bi sam. Kusa da ku, hawan Sutton Bank a kan A170, hanyar Scarborough ta Thirsk, an haramta wa karaban shi saboda tsananin gangararsa, sai an zagaya. Hardknott da Wrynose a yankin tafkuna ko a mafarki kada ka gwada. Na san abin da ke ranka shi ne zagayen North Coast 500, mai mil 516, wanda aka ƙaddamar a 2015, yana tashi daga Inverness ya dawo can. A nan kam motar kwana ta fi, ba zan ɓoye maka ba. Dogayen sassa na yamma da arewa hanya ce mai cin mota ɗaya, da 'yan wuraren kaucewa, inda in kun yi kiciɓis da wani dole ɗaya ya ja da baya. Hawan Bealach na Bà zuwa Applecross, mai kai mita 626, akwai allo a gindinsa da ke gargaɗin kada karaban ya hau.

To amma ba dole ne ka ja ɗakin ka zagaya da shi ba. Hanyar A835 daga Inverness zuwa Ullapool mai kyau ce, ana jan karaban a kai ba fargaba. Ku sauka a can kwana huɗu ko biyar, ku riƙa fita da Sportage zuwa Lochinver da rairayin Achmelvich da Durness, ku dawo ku kwana. Sannan ku koma gabas wajen Dornoch ku yi haka, ku leƙa John o' Groats. Za ku ga kusan duk abin da masu zagayen ke gani, kuma a ƙaramar mota wadda ta fi kowace motar kwana sauƙin bi ta waɗannan lunguna. Kada kuma hotunan intanet su sa ka ɗauka mai motar kwana na tsayawa duk inda ya ga dama. Dokar Sukotland ta 2003 da ta ba mutane damar kafa tanti a daji ba ta haɗa da ababen hawa ba, kuma mutanen ƙauyukan can sun gaji da masu kwana a bakin hanya suna zubar da ƙazanta, har an kafa shingayen tsayi da allunan hana kwana a wurare da yawa. Da yara uku da rashin banɗaki, ko da mota sansani za ku nema.

Faransa ce inda motar kwana ta fi cin riba. Garuruwansu da ƙauyukansu sun tanadi dubban wuraren tsayawa masu araha ko kyauta don motocin kwana kaɗai, ba a karɓar karaban. Kuɗin jirgin ruwa daga Dover zuwa Calais da tsawon abin hawa daga gaba zuwa baya ake lissafa shi, kuɗin manyan hanyoyinsu kuma da tsayinsa daga ƙasa zuwa sama: abin da bai kai mita 2 ba yana aji na ɗaya, mota da karaban aji na biyu. Tukunyar gas ta kamfanin Calor da muke amfani da ita a nan ba a musanya ta a can. Duk da haka iyalai da yawa na ja su tsallaka su zauna mako biyu a sansani ɗaya a yankin Normandi ko Brittany na Faransa. Ka ce "wata rana", ni kuwa ba na ba mutum shawarar ya sayi abu don tafiyar da bai sa wa rana ba. In ba ku da fasfo ɗin Birtaniya ma sai an fara da bizar Schengen ta mutum biyar.

Sharaɗi na biyu: ina zai kwana?

Karaban zai yi wata goma a shekara yana zaune, kuma titin ƙofar gidanka ba wurinsa ba ne. Ƙa'idar hanya ta hana barin tirela a titi da dare babu fitila, maƙwabta za su kai ƙara, ɓarayi kuma sun samu a sama. Abin da ake yi shi ne a kama wuri a filin ajiya mai shinge da kyamara. Ƙungiyar CaSSOA na tantance irin waɗannan ta ba su daraja, kuma kamfanonin inshora na rage kuɗi idan wurin mai daraja ne. Zai ci maka 'yan ɗaruruwan fam a shekara, kuma masu kyau kusa da manyan garuruwa kan cika har a yi layi. Ka samu wurin tukuna, sannan ka sayi karaban.

Ka kuma san abin da wannan ke jawowa. Fita ta ranar Juma'a da yamma ba za ta zama ta "ku tashi mu tafi" ba: sai ka je fili, ka haɗa, ka duba fitilu da iskar taya, ka dawo ka ɗauki iyali da kaya. Mai motar kwana a ƙofar gida ya riga ya kai ƙauyen Malham a Yorkshire Dales kafin ka gama. Na ga karaban da yawa da aka saya da ɗoki suka ƙare a filin ajiya ciyawa na fitowa ƙarƙashinsu saboda wannan ɗawainiya. In kai mai aikin da hutunsa ke zuwa kwana biyu-biyu ne, ba mako guda a jere ba, ka faɗa wa kanka gaskiya tun yanzu. Wasu kan biya kuɗin kaka guda a sansani ɗaya a Yorkshire Dales ko bakin teku wajen Whitby, su bar shi a kafe daga Maris zuwa Oktoba, su riƙa zuwa da mota kawai, sai lokacin dogon hutu su ja shi zuwa nesa.

In kun tsaya a kan karaban

Babban abokin gabarsa damshi ne. Ruwa na shiga ta bakin taga da layin rufi, ya riƙa cin katakon da ke cikin bango shekara da shekaru ba a gani. Kada ka saya sai an sa na'urar auna damshi a gabanka ko an nuna maka rahoton bana: ƙasa da kashi 15 lafiya, 15 zuwa 20 a sa ido, abin da ya haura 20 akwai magana, ya kai 30 ka juya ka tafi. Ka buɗe kabad na sama ka shinshina, ka danna bango a kusurwoyi, ka taka ƙasa ka ji ko tana lotsawa. In ka shiga ka ji an fesa turare da yawa, ka tambayi kanka me ake rufewa. Ka duba lambar CRiS, rajistar da ake yi wa karaban tun 1992, mai harafi da lamba 17 da ke zane a tagogi, don ka tabbatar ba na sata ba ne kuma babu bashi a kansa. Tayoyi kuwa da shekaru ake auna su, ba da zanen su ba, domin zama ke kashe su: a canza a shekara biyar, kada su wuce bakwai ko da sun yi kamar sababbi.

Girkinmu mai daɗewa a wuta ne, tururin tuwo da miya kuma shi ma damshi ne, don haka a buɗe tagar rufi in ana girki. Sannan ka isar mini da wannan ga Hajiya da girmamawa: kaskon turaren wuta da gawayi ba ya shiga karaban, ba ya shiga rumfa, haka abin gashin nama ko da wutarsa ta yi kamar ta mutu. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane a cikin barci, kuma a ɗaki ƙarami irin wannan ba ta ɗaukar lokaci. A sa ƙararrawar da ke gano ta, a gwada batirinta kafin kowace tafiya. In za ku fita lokacin sanyi, ku yi amfani da gas na jar tukunya, furofen, domin na shuɗiyar yana daina tashi idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa.

Gani ya kori ji. A watan Oktoba da Fabrairu ana baje kolin waɗannan kaya a zauren NEC na Birmingham. Ku je ku biyar, ku shiga motar kwana ku rufe ƙofa, a miƙe gado, kowa ya kwanta inda zai kwanta, ku yi minti goma a haka. Sannan ku yi irin wannan a karaban mai gadaje masu hawa. In bayan haka ranka na nan a kan Volkswagen, ka yi hayar ɗaya na kwana uku a lokacin da ake ruwa, ba lokacin rana ba, kafin ka taɓa ajiyarka. Ka kuma turo mini lambobi huɗun nan na farantin Sportage da girman injinta, in lissafa maka iyakar MTPLM da za ka nema.